Ranar da Bawa Zai Cika Huɗu

A unguwar Gwallaga, bayan masallacin maƙera, akwai wani gidan haya mai ɗaki tara da famfo ɗaya a tsakar gida. A ƙofar gidan A'i take suyar masa. Da an idar da sallar asuba take hura wuta, kafin hantsi ya ɗaga ƙullunta ya ƙare, ta wanke tanda ta kife. Siririyar mace ce marar hayaniya, ko a layin famfo ba a taɓa jin muryarta ba. Bayan daɗin masa, abu ɗaya aka san ta da shi. Akwai wani yaro da ke zama gefenta kullum a kan buhu, kamarsu ɗaya kamar an tsaga kara, amma idan baƙo ya tambaya ko ɗanta ne, sai ta ce a'a, ɗan maƙwabciya ne. Idan ya tambayi shekarunsa, ta ce ba ta sani ba, ta mayar da kai kan tanda.

Ɗanta ne kuwa, ita ta haife shi, a ɗaki na biyu daga zaure.

A'i 'yar wani ƙauye ce a gefen Gubi, inda ubanta ke noman rani a bakin dam. Wurin uwarta ta koyi masa, tun daga jiƙa shinkafa har sanin lokacin da ƙullu ya tashi ba tare da an ɗanɗana ba. Aure ya kawo ta cikin gari, hannun Sabitu tela, mutum mai barkwanci, wanda shagonsa ke bakin titi. Allah bai hana su haihuwa ba, rayuwar 'ya'yan ce ta gagara. Na fari namiji ne, bai yi arba'in ba ya koma. Na biyu, Mansir, ya fara tafiya har yana bin kaji a tsakar gida, ƙyanda ta ɗauke shi. Ta uku ita ce Bilkisu, ita ce kuma ta tsaya wa A'i a rai. Ta yi wayo, tana magana tar, har tana riƙe wa uwarta kwanon yaji. Da wata ƙaramar Salla A'i ta yi mata kitso da lalle, ta sa mata sabuwar riga, suka fita gaisuwa. Duk inda suka bi sai an tanka. Wata mata a cikin keke ta tambayi shekarunta, A'i ta buɗe baki da murna ta ce saura wata biyu ta cika huɗu. Kwana tara bayan nan zazzaɓi ya kama yarinyar da safe, da azahar ta fara jijjiga, kafin a samo mota rai ya yi halinsa.

Tun daga ranar A'i ta ɗora laifin a kan bakinta. Ta san rai da ajali na Allah ne, tana zuwa Islamiyyar matan aure, ta kuma ji malama ta faɗa ba sau ɗaya ba. Amma tsoro bai je makaranta ba.

Da ta sake samun ciki, mata suka fara kiranta mai wabi a bayan idonta, wato wadda 'ya'yanta ba sa zama. Sai Gwaggo Yagana, ƙanwar uban Sabitu, ta zo da shawarar da ta gani wurin kakanninta. Ta ce idan an haihu a sayar da jaririn ga bare, wanda ba dangi ba, ba iri ba, don abin da ke bin 'ya'yan A'i ya zo ya tarar wannan ba nata ba ne, ya wuce. Sabitu ya ce canfi ne, shi ba ya ciki. Gwaggo ta ce da ma ba shi aka tambaya ba, shi da bai san zafin naƙuda ba. Ya dubi matarsa, ya ga yadda ta rame, ya bar su suka yi yadda suke so.

Ranar suna, bayan maza sun raɗa wa yaro Abdulsalam sun watse, Gwaggo ta kwantar da shi a kan faifai a bakin ƙofar ɗaki, ta yi shela wa zai sayi bawa. An riga an shirya da mai saye. Cecilia ce, wadda ɗakinta ke kallon nasu, mutuniyar Bogoro, ana ce mata Maman Patience. Ta fito tana danne dariya da ƙoƙon gishiri a hannu, ta ajiye, ta ɗauki jariri ta shiga ɗakinta da shi, ta jima, sannan ta dawo ta miƙa wa A'i ta ce ga shi, a shayar mata da shi amana. Daga nan sunan Bawa ya bi shi.

Gwaggo ta kafa sharuɗɗa. Kada A'i ta taɓa cewa ɗana. Kada ta ƙirga masa shekaru a fili. Duk abin da ya shafe shi, aski ne, rigakafi ne, tafiya ce, mai shi ce ke da magana, ita A'i mai raino ce kawai. Kada ta fita unguwa da shi sai ta nemi izini. Ranar da ta yi magana a matsayin uwa, ciniki ya warware.

Cecilia ta ɗauki abin wasa da farko, sai yaron ya shiga ranta. 'Yarta ɗaya, Patience, ta girma tana karatu a jami'a can Gubi, ɗaki ya yi mata faɗi. Ita ke goya Bawa zuwa rigakafi, katinsa na asibiti yana cikin akwatinta, ta kuma rubuta ranar haihuwarsa a bangon Littafinta mai tsarki ƙarƙashin ta Patience. Yaro ya tashi yana ce mata Mama, yana ce wa uwarsa A'i kamar yadda masu sayen masa ke faɗa. A'i ba ta taɓa gyara masa ba. Ko mijinta ba ta iya ce masa Baban Bawa, sai dai Malam. A haka yaron ya wuce arba'in, ya wuce yaye, ya yi ƙyanda ya tashi. Kowace shekara A'i na ƙara riƙe sharuɗɗan kamar mai tafiya da ƙwai a cokali. Ta ce ba ta san shekarunsa ba, alhali babu wayewar garin da ba ta lissafa a zuci.

Wata Litinin cikin damina, tana tsakiyar suya, Cecilia ta fito za ta wurin aiki. Abinci take dafa wa yara a wata makarantar nazare ta masu hali. Ta tsaya ta ɗauki masa ɗaya tana hurawa, ta ce da ma tana son su yi magana. A makarantarsu kusan kowane mako sai an yi wa wani yaro bazde, wato bikin ranar haihuwa, a kawo kek, a hura balan-balan, a yi hoto, ita ce ma ke wanke kwanukan. Kullum in ta gani sai ta tuna nata yaron da ba a taɓa yi masa ko na alewa ba.

"Asabar ta sama zai cika huɗu," in ji ta. "Bana kam sai na yi masa. A nan tsakar gida, mu tara yaran unguwa."

A gaban mutum uku masu jiran masa ta faɗi lambar. A'i ta ji kamar an zuba mata ruwan randa a baya. Huɗun nan ita ce katangar da babu ɗanta da ya taɓa haurawa. Ta so ta ce a'a, kalmar ta zo har bakinta, sai ta tuna wace ce ita a wurin yaron. Ta ce to, Allah ya kai mu. Cecilia ta wuce tana taunar masa. Sai da wani mai saye ya ce wa A'i tanda na hayaƙi sannan ta ga layi guda ya ƙone ƙurmus.

Da Sabitu ya dawo cin abincin rana ta gaya masa, ta roƙe shi ya hana, tunda shi sharaɗin bai hau kansa ba. Ya ce shi tun ranar da aka yi ciniki ba a sa shi shaida ba, yanzu kuma ba zai shiga tsakanin mai kaya da kayanta ba.

"Mai akuya ta ce za ta ɗaura wa akuyarta ƙararrawa, ke mai kiwo mene ne naki?"

Ya ga ba ta yi dariya ba, sai ya sassauta. Ya ce shi ma bikin nan ba al'adarsu ba ce, amma shinkafa ce yara za su ci su watse, kuma matar nan shekara huɗu tana ɗawainiya da yaron, ba zai iya kallon idonta ya ce ta bari ba. Shi ma ya faɗi lambar. A'i ta tashi ta bar masa ɗakin.

Washegari ta jira Cecilia ta dawo daga aiki, ta bar mata yaron, ta je wurin Gwaggo Yagana. Tsohuwar ta daina gani sosai, amma kanta garau. Ta saurara har ƙarshe, ta ce lallai tara mutane a kan ɗan wabi ganganci ne, baki ya fi mashi. Amma idan A'i ta hana, da wane baki ta hana? Mai raino ba ta hana mai ɗa. In ta ce kada a yi, ta yi maganar uwa, ta kwance abin da aka ɗaure da hannunta. Hanya ɗaya ce, ita mai shi ta fasa don kanta, ba tare da an ce mata ta fasa ba.

A'i ta dawo gida da wannan. Gaba kura, baya sayaki.

Sai ta shiga bi ta gefe. Ta ce wa Cecilia ta ji an ce zaƙin kek na sa wa yara tsutsar ciki. Cecilia ta ce Patience ce za ta gasa da kanta, za ta ce ta rage sukari. A'i ta ce mai gidan, Alhaji Babayo, ba ya son hayaniya. Ashe Cecilia ta riga ta je ta gaishe shi, har ya ce zai aiko da jikokinsa biyu. A'i ta ce damina ce, hadari ba ya sallama. Cecilia ta ce za ta aro tamfol a cocinsu. Daga ƙarshe A'i ta ce tana gudun maganar mutane, za a ce sun ɗauko abin da ba na addininsu ba. Nan ma Cecilia ta ce ta yi wannan tunanin. Ba kiɗa, ba waƙar coci, kuma Malam Sabitu ne zai buɗe da addu'a irin tasu. Ta dafa kafaɗarta ta ce, "Ke dai kin cika tsoro, ƙanwata. Ki soya mana masa kawai, sauran ki bar mini."

Duk ƙofar da A'i ta taɓa sai ta tarar an riga an rufe ta da alheri. Ba ta da abin da za ta riƙe matar da shi. Ga yaron kuma ya ji labari, ya bi ɗaki tara yana gaya wa kowa za a yi masa bazde, yana ɗaga yatsu huɗu yadda Mama ta koya masa. Duk sanda ya ɗaga, A'i sai ta kawar da kai ta karanta Falaƙi da Nasi.

Ranar Asabar, saura mako guda, Cecilia ta ce su je kasuwar Muda Lawal sayayya, su tafi da Bawa a gwada masa takalmi. Suka sayi shinkafa da manja da zoɓo da fulawa. A'i na riƙe da hannun yaron gam, tana sa shi ta ɓangaren bango duk inda suka ratsa. A layin 'yan yadi suka tsaya shagon wani Hammajoda, mai surutu kamar rediyo. Ya ja kumatun Bawa ya ce kai, wannan yaro akwai kyau, ga jiki mulmul, wa ya haifi wannan? Bai ce tubarkalla ba, bai ce masha Allah ba. Cecilia ta ce nata ne, kuma Asabar zai cika huɗu. Maƙwabcin shagon ma ya leƙo ya duba. A'i ta sunkuya kamar tana gyara wa yaron takalmi, ta tofa masa addu'a a ka.

Cecilia ta zaɓi farar shadda. Ta ce fari ne ke fita a hoto. A'i ta ce fari ba ya jure wa yaro, ta nuna wata shuɗiya. Cecilia ta ce na yini ɗaya ne, in ya ɓaci ita za ta wanke. Hammajoda ya auna yadi biyu, ya ɗan tsaga bakin da almakashi, ya kama da hannu biyu ya keta. Ƙarar ketawar nan A'i ta san ta. Sau uku tana jin ta daga cikin ɗaki, maza na keta farin yadi a zaure, kuma kowane karo ɗan guntu ne ya isa. Ta zauna daɓas a kan bandir ɗin atamfa. Suka ce ko jiri ne, ta ce rana ce.

Sabitu ya ɗinka kaftani da wando cikin kwana biyu, har da aiki a wuya. Cecilia ta rataye su a ƙusa a ɗakinta, inda in labule ya ɗaga A'i na hango su daga nata ɗakin. Ta daina cin abinci sosai. Masarta ma ta canza, masu saye suka fara cewa yau tsami ya yi yawa, gobe su ce ba gishiri. A kowace sujada roƙonta ɗaya ne, Allah ya kawo abin da zai sa a fasa. Daga baya ta riƙa jin tsoron roƙon kansa, don ba ta faɗi ko mene ne abin ba.

Ranar Alhamis da sassafe Cecilia, da ta ɗauki hutu a wurin aiki, ta kulle ɗakinta ta tafi Gubi da fulawa da ƙwai, wurin Patience, inda za su gasa kek a gidan wata ƙawarta mai oba, murhun gasa burodi. Bawa ya tashi ba kuzari. Ya zauna a kan buhunsa bai nemi masa ba, ya jingina da cinyar A'i. Ta taɓa wuyansa ta ji ɗumi. Ta ce wa ranta zafin murhu ne, ta matsar da shi. Kafin ta sayar da rabin ƙullu ya yi amai. Ta bar wa wata maƙwabciya tandar, ta ɗauke shi ta shiga ciki.

Ta jiƙa tsumma tana goga masa. Jikin sai ƙara zafi yake kamar garwashi. Asibitin unguwa ba nisa, keke ɗaya ne, amma fita da shi sai da izinin mai shi, kuma ba ta taɓa kai shi da kanta ba. Ta ɗauki waya ta kira Cecilia. Sai ta ji ƙarar wayar na tashi a tsallaken tsakar gida, daga bayan ƙofar da ke kulle. An bar ta a caji. Ta sake kira, ta sake jin ta. Lambar Patience ba ta da ita. Ta kira Sabitu, ya ce yana kasuwar Wunti wurin sayen zare, ta kai shi asibiti yanzu, ga shi nan zuwa. Ta ce Maman Patience ba ta nan. Ya ce, "A'i, ki ji tsoron Allah, ki ɗauki yaron nan." Ya kashe.

Ba ta ɗauke shi ba. Ta zauna a bakin gado, ido ɗaya a kan yaron, ɗaya a kan zaure, tana cewa yanzu Cecilia za ta shigo. Ta san zaman nan wauta ne. Ta kuma san, a yadda zuciyarta ke gaya mata, cewa in ta fita da shi ba izini, ta nuna wa abin da ke binta inda ɗanta yake. Inuwar katanga ta janye daga bakin famfo, rana ta doshi tsaka. Sai ta ga yatsun hannunsa sun fara motsi su kaɗai, idonsa ya yi sama. Haka na Bilkisu ya fara.

Ba ta san sanda ta saɓa shi a kafaɗa ba. Mayafi ma a hannu ta fita da shi, takalmi wari da wari.

A asibiti aka ce ina katinsa. Kati na cikin akwatin Cecilia. Wata nas mai tabarau ta karɓe shi ta kwantar, ta sa masa abin awon zafi, ta ɗebi jini a yatsa, tana tambaya ba tare da ta ɗago ba. Yaushe ya fara, an ba shi wani magani, shekararsa nawa. A'i ta amsa biyun farko. Na ukun ta ce ba ta sani ba. Nas ta ɗago ta dube ta, ta ce ita wace ce tasa. A'i ta ce maƙwabciya ce, mai raino.

"To ina uwar? Allura zan yi masa mai ƙarfi, ba a yin ta da ka. Ina son wanda ya san shekarunsa, ya san ko ya taɓa jijjiga, ya kuma sa hannu. A kira ta maza."

Yaron na kwance, haƙoransa sun datse, ƙafarsa ɗaya na bugun katifa. A'i ta dubi ƙofa. Babu Cecilia, babu Sabitu, babu Gwaggo.

"Ni ce," ta ce. Nas ba ta ji ba, sai da ta maimaita. "Ni ce uwarsa. Ni na haife shi. Jibi zai cika shekara huɗu. Bai taɓa yi ba, amma yayarsa da shi ta rasu."

Nas ta yi tsaki ta ce to tun ɗazu me ya hana ta faɗa, ta ɗora shi a sikeli, ta zuƙi allura. Aka miƙo takarda, A'i ta dangwala yatsa. Sannan ta tsaya a jikin bango tana jira. Ta gama faɗin duk abin da aka hana ta, a gaban baƙi, da rana tsaka. A ranta ta riga ta ba da shi. Abin da take roƙo kawai kada ya sha wuya.

Jijjigar ta lafa. Aka sa masa ƙarin ruwa, aka ce zazzaɓin cizon sauro ne ya yi masa mugun kamu, da an ƙara jinkiri da labari ya sha bamban. Sabitu ya iso yana haki da ƙullin zare a hannu. Ya dubi yaron, ya dubi matarsa da takalmanta, bai yi barkwanci ko ɗaya ba. Wajen la'asar Bawa ya buɗe ido ya nemi ruwa.

Cecilia ta shigo bayan nan, zaninta duk fulawa, maƙwabta sun gaya mata a ƙofar gida. Ta durƙusa gaban gadon ta yi addu'arta a hankali. Da ta tashi A'i ta ja ta baranda ta gaya mata komai, har zaman jiran da ta yi. Ta ce ta warware ciniki, ta ce ita ce uwarsa, ta faɗi shekarunsa.

Da Cecilia ta buɗe baki faɗa ta fara. Ta ce ashe saboda ita aka bar yaro yana ƙuna tun safe, da wani abu ya faru da wane ido za ta kalli duniya. Ta ce ita ba ta taɓa ɗauka ita ke riƙe da ransa ba, ta karɓa ne don ta ga hankalin A'i ya kwanta, kuma da ta san bikin nan ne ke hana ta cin abinci da tuni ta bari. Sai muryarta ta sauka.

"Yanzu dai magana ta koma hannunki. Kek na can an gasa, amma kek ba komai ba ne. Ki ce a fasa, in fasa, ba zan ji haushi ba."

Kwana goma A'i na neman wannan kalma, ga ta an miƙo mata. Ta leƙa ta taga. Yaron na kwance da allura a bayan hannu, yana gaya wa ubansa da 'yar muryarsa cewa shi jan balan-balan yake so, kada a ba jikokin Alhaji. Ta yi tunanin shekarun da ta yi tana ɓoye shi, zazzaɓi bai tambayi ko ɗan wa ne ba. Ta yi tunanin lambar da ta faɗa, wadda da ita aka auna maganin. Duk da haka tsoron bai tafi ba, yana nan zaune a ƙirjinta inda ya saba.

"In an sallame mu, a yi," ta ce. "Bayan la'asar, a cikin gida, a rufe ƙofar zaure. Abincin kuma da niyyar sadaka. Amma ba zai sa farin nan ba."

Cecilia ta ce to. Sabitu da ya ji, ya ce yana da ragowar wani yadi ruwan ƙasa a shago, zai kwana biyu bai huta ba amma zai fitar. Wannan ne umarni na farko da A'i ta taɓa bayarwa a kan ɗanta.

An sallame su ranar Juma'a da yamma, da magani na kwana uku. Asabar hadari ya haɗu ya watse bai zuba ba. Yara wajen ashirin suka cika tsakar gida, Sabitu ya yi addu'a, Patience ta kunna kyandir huɗu a kan kek. A'i ba ta shiga cikinsu ba. Ta tsaya a bakin ƙofar ɗakinta tana bin fuskokin manyan da ke wurin ɗaya bayan ɗaya, tana lura da wanda ya daɗe yana kallonsa. Da yara suka ɗauki ƙirga da ƙarfi, ta runtse ido har suka kai ƙarshe suka yi tafi.

Can sai ga shi ya ratso da gudu, bakinsa duk kek, ya faɗa jikinta. Ta kai hannu wuyansa ta ji zafi. Ta riƙe shi da hannu biyu, ta kara kuncinta a goshinsa, ta daɗe a haka. Gumi ne, na guje-guje, goshin da sanyinsa. Ya yi ta mutsu-mutsu yana cewa ta sake shi za a fasa masa balan-balan, har ta sassauta ya zille.

Ta bi shi da kallo har ya shige cikin yara. Sannan ta yafito Sabitu, ta ce ya dubi agogo, lokacin maganin yamma ya yi, ya kamo mata shi ko yana kuka.